Ina so in ja wayar kyamarorin tsaro da hannuna, ta ina zan fara?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in sa kyamarorin tsaro guda 4 a gidana, masu waya, kuma ni da kaina nake son yin aikin. Ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya inda ake ajiye mota, ɗaya ta ƙofar baya, ɗaya kuma a lungun da ke tsakanin ginin da katanga. Tsani ina da shi, injin huda bango ma akwai, kuma na saba da ƙananan gyare-gyaren gida. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na ga saitin iri biyu ne, wani an rubuta DVR, wani NVR. Wanne zan ɗauka? Sannan nawa ya kamata megafiksel ɗin kyamarar ya kasance? Na ga wata mai 8, ina jin ita zan saya in huta.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Malam, me ya kai ka wahalar waya? Ka sayi masu Wi-Fi ka ɗaura, cikin awa ɗaya ka gama.

Mai Kebul:
Abu Sumayya, ai mai Wi-Fi ɗin ma wuta take ci. Ko dai ka ja mata wayar wuta har inda take, ko ka riƙa hawa tsani kana cajin batiri. In dai za a ja waya ɗaya, gara a ja wadda za ta ɗauki wuta da hoto gaba ɗaya. Kuma siginar Wi-Fi tana raguwa idan ta ratsa bangon siminti, ga shi ana iya toshe ta da na'urar da ke dagula sigina. Mai waya sai an zo an yanke ta, kafin nan kuwa ta riga ta ɗauki mai yankan.

Malam Baban Khalil, ga bambancin. Dukansu na'urori ne da ake haɗa kyamarori da su don su adana bidiyo. DVR yana aiki da kyamarorin analog, waɗanda hotonsu ke bi ta kebul ɗin coaxial, irin RG59, mai kan BNC. Wutarsu daban ake kai musu, volt 12. NVR kuwa na kyamarorin IP ne, masu bi ta wayar intanet, Cat5e ko Cat6. Idan NVR ɗin mai PoE ne, waya guda ce za ta tashi daga na'urar zuwa kyamara, ita ce wuta, ita ce hoto. Ga wanda zai yi da hannunsa karon farko, PoE nake ba shi shawara ba tare da wani kokwanto ba. Abu ɗaya za ka riƙe: kada tsawon waya guda ya wuce mita 100, nan ne iyakar Ethernet, wato tsarin wannan wayar intanet. A gida na zama da wuya ka kai haka.

Baba Mai Wayarin:
Ban musa maka ba Injiniya, amma kada a yi wa analog rashin adalci. Na yanzu, su TVI da AHD da CVI, suna ba da hoto mai kyau ƙwarai, kuma coaxial yana zuwa nesa fiye da mita 100 ba tare da ƙarin wata na'ura a tsakani ba. Wanda ya gaji tsohuwar waya a bango kuma, sai ya canza kyamara da DVR kawai, bai fasa komai ba. Inda analog ke ba sabon shiga wahala wajen wuta ne. Volt 12 ba ta jure doguwar waya siririya. Da rana kyamara za ta yi aiki lafiya ƙalau, da magariba ta yi, fitilun infrared na gani da dare suka kunna, sai ta nemi ƙarin wuta ta rasa, hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Mutum ya ce kyamara ce ta lalace, alhali wutar ce ta zube a hanya. PoE yana tafiya da wajen volt 48, shi ya sa wannan matsalar ba ta cika samunsa ba. Tunda gidanka babu tsohuwar waya, ɗana, bi maganar Injiniya.

Baban Khalil:
Na gode Baba, na gode Injiniya. To PoE ke nan. Saura maganar megafiksel.

Maman Iman:
Malam, kafin megafiksel, akwai tambayar da ta fi ta: me kake so kowace kyamara ta nuna maka? Ni na sa namu da kaina, kuma abin da na fi ba wa lokaci ke nan. Ganin cewa wani ya shigo daban, gane ko wane ne daban. Mutane da yawa suna ɗaura kyamara can ƙololuwar bango don kada a taɓa ta, su buɗe ta ta kwashe tsakar gida duka. Ranar da abu ya faru, sai a tarar da saman hula da kafaɗu, babu fuska. Irin wannan hoton ba ya amfanar kowa, ko kai ko hukuma.

Ta ƙofar shiga ita ce uwar tafiyar. Ka sa ta ƙasa-ƙasa, kamar mita 2.5 zuwa 3, tana kallon mai shigowa ido da ido gwargwadon iko, kuma ka matse kallonta a kan ƙofar kawai. Sauran ukun su yi aikin nuna inda mutum ya bi.

Mai Kebul:
Hajiya ta taɓo inda ya kamata, kuma abin yana da lissafi. A ƙa'idar IEC 62676-4 ta kyamarorin tsaro, bugun 2014, an kasa ganin kyamara mataki-mataki bisa yawan fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, da ke faɗawa kan kowace mita ta abin da ake kallo, ga guda 4 daga ciki. Fiksel 25 a mita, ka san akwai mutum a wurin. Wajen 62, kana ganin me yake yi da irin kayan jikinsa. 125, za ka gane wanda ka riga ka sani. 250, za a iya tantance baƙon da ba a taɓa gani ba.

Yanzu ɗauki kyamara mai megafiksel 4, faɗin hotonta fiksel 2560. Raba da 250, ka samu mita 10 da ɗan kai. Wato da zarar faɗin wurin da take kallo ya wuce mita 10, ka fita daga matakin tantance fuska. Lensi mai milimita 2.8 yana buɗewa wajen digiri 100, don haka a nisan mita 4 da 'yan kai ya riga ya kai faɗin nan. Lensi mai milimita 4 ya fi matsewa, zai kai ka wajen mita 6. Saboda haka ka auna daga inda kyamara za ta zauna zuwa inda mutum zai tsaya yana taɓa ƙofa, sannan ka zaɓi lensi. Lungun nan naka siriri ne mai tsawo, 2.8 ɓarna ce a wurin, rabin hoton bango zai zama. Ba shi 4 ko 6.

Ɗan Autan Zaure:
Injiniya, to ai mai megafiksel 8 ta warware wannan, tunda fiksel ɗinta sun fi yawa.

Mai Kebul:
Da rana, haka ne. Da dare kuma sai a duba girman sensa, wato sashen da ke karɓar haske a cikin kyamara. Idan aka cusa fiksel miliyan 8 a kan ƙaramar sensa, kowane ɗaya hasken da yake samu kaɗan ne. Don ta rama, kyamarar takan jinkirta rufe idonta, mai tafiya kuma sai ya fito a dishe kamar hayaƙi. Hoton wuri a tsaye zai yi kyau, wanda kake nema ne ba zai fito ba. Mai megafiksel 4 a kan babbar sensa 1/1.8 takan doke mai 8 a kan ƙaramar sensa 1/2.8 ko 1/3 idan duhu ya yi. Ɓarawo kuwa ba ya zaɓen tsakar rana sai dole.

Baba Mai Wayarin:
Bari in dawo da ku kan waya, don a nan aikin hannu yake. Kyamara za ka iya sauke ta ka canza cikin minti goma. Wayar da ka binne a bango ko ka bi da ita ta cikin silin, in ta ƙi, aiki ya dawo sabo fil.

Na farko, ka tabbata jan ƙarfe ne zalla. Akwai kebul da ake rubuta wa CCA, alminiyam ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe. Ya fi sauƙin kuɗi, amma yana riƙe wuta, yana ɗumi, kuma yana karyewa a wurin lanƙwasa. Kankare silin waya ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki, mayar musu. Na biyu, duk inda waya za ta fita waje, ko dai ta zama mai baƙar riga ta waje wadda ke jure rana, ko ka zura ta cikin bututun roba. Farar rigar cikin ɗaki rana tana soya ta ta farfashe. Na uku, kada ka haɗa ta bututu ɗaya da wayar wutar gida. Ka ba su tazara, in dole ne su haɗu, su gitta juna su wuce. Kada ka ja ta da ƙarfi, kada ka karya ta a kusurwa, kada ka matse ta da ƙusa har rigar ta lotsa.

Huda bango kuma, ka san inda wayar wuta da bututun ruwa suka bi kafin ka sa injin. Sama da ƙasan soket da makunni a miƙe, nan wayoyi suka fi bi, ka kauce musu. In kana shakka, kashe wutar sashen daga babban akwati. Ramin ya ɗan gangara zuwa waje don ruwan sama kada ya biyo shi ciki, ka toshe shi da silikon bayan waya ta wuce. Kafin wayar ta shiga ramin ko akwatin kyamara, ka bar mata ɗan lanƙwasa zuwa ƙasa, ruwa ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta har cikin haɗin.

Haɗin nan shi ne ke kashe yawancin kyamarorin waje. Za ka ga an rubuta IP66 ko IP67 a kwali, gaskiya ne jikin kyamarar ba ya shan ruwa, amma jelar da ake soka waya a ciki ba ta da wannan kariyar sai ka sa mata murfin roba da ya zo a kwalin. Ka zura murfin a waya kafin ka matse kan RJ45, wato kan robar da ake sa wa bakin wayar intanet, don bayan ka matse ba kowane ne ke shiga ba. Sannan ka ɓoye haɗin a cikin akwatin da ake ɗaura kyamara a kai. In ka bar shi a fili, damina ɗaya ta isa ya yi tsatsa kore.

Baban Khalil:
Baba, Allah ya saka da alheri. Matse kan wayar nan ne nake jin tsoro, ban taɓa yi ba.

Mai Kebul:
Ba wuya, tsari ne kawai. Bi T568B a duka kawunan biyu: fari mai lemo, lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka yanki guntun waya ka gwada hannunka a zaune kafin ka hau tsani. Ka nemi ƙaramar testa mai fitilu 8, duk wayar da ka matse ka gwada, fitilun su kunna a jere daga 1 zuwa 8. Kada ka warware murɗin silin fiye da yadda ake buƙata, murɗin nan shi ke kare sigina.

Kuma tunda kana cikin silin, ka ja waya ɗaya ta ƙari zuwa ƙofar shiga ka bar ta a naɗe. Wahalar jan biyu da ta jan ɗaya duk ɗaya ce.

Abu Sumayya:
Duk wannan bayanin shi ya sa na ce a kira masu aikin. Wanda bai saba ba zai iya faɗowa daga tsani ko ya huda wayar wuta.

Maman Iman:
Maganarka tana da gaskiya a wani wurin. Gidan bene mai tsayi, ko aikin da zai taɓa wutar gida kai tsaye kamar ƙara soket, wannan a kira mai lantarki. Amma jan wayar PoE a gida mai hawa ɗaya, mutum mai natsuwa zai iya, in ya samu wanda zai riƙe masa tsani. Ribar kuma ba ta tsaya ga kuɗin aiki ba. Wanda ya ja da kansa ya san inda kowace waya ta bi, shi kaɗai ya san kalmar sirri, kuma ba wani baƙo da ya san lungun da kyamara ba ta gani a gidansa.

Malam Baban Khalil, shawarar da na fi so ka ɗauka: kada ka huda ko rami ɗaya sai ka gwada. Ka haɗa komai a kan tebur tukuna, ka ga kyamarorin 4 sun fito a allo. Sannan ka ɗauki doguwar waya a sake, ka ɗaure kyamara a jikin katako ko a kan tsani daidai inda kake tunanin sa ta, wani ya bi ta ƙofar yana tafiya irin ta kowa. Ka duba da safe, ka duba lokacin da rana ke fuskantar wurin, ka duba da dare. Daren ne zai nuna maka abin da ba ka zata ba. In akwai farin bango ko rufin kwano kusa da bakin kyamarar, hasken infrared zai dawo mata, gefen ya yi fari fat, tsakiya ya yi duhu. Juya ta kaɗan yakan gyara. Shi ya sa a waje na fi son irin turret, mai kama da ƙwallo marar murfi, a kan mai murfin gilashi zagayayye, don murfin yana tara ƙura da raɓa, hasken ya riƙa yawo a cikinsa. Gizo-gizo ma yana son saƙa a gaban fitilun nan saboda ƙwarin da suke jawowa, ka riƙa share wurin da doguwar tsintsiya.

In ƙofar tana da haske mai ƙarfi a bayan mai shigowa, ka kunna WDR, wato saitin da ke daidaita haske da duhu a hoto, in ba haka ba fuskarsa inuwa za ta zama.

Ɗan Autan Zaure:
Faifan ajiya fa, wane girma?

Mai Kebul:
Lissafa da kanka. Kyamara mai aika megabit 4 a daƙiƙa tana cin wajen gigabait 43 a kwana ɗaya in tana ɗauka ba tsayawa. Guda 4 sun kai 173. Faifai mai terabait 2 zai riƙe kwana 11 da wani abu kafin ya fara taka na baya. In na'urarka tana da tsarin matse bidiyo na H.265, kunna shi, yana rage nauyi sosai a kan H.264. Ka sayi faifan da aka yi don wannan aikin, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, su aka ƙera don rubutu dare da rana. Ni ina ganin a bar ta tana ɗauka koyaushe, a sa alamar motsi don sauƙin nema kawai. Ɗauka sai an ga motsi yakan yanke farkon abin, wanda sau da yawa shi ne mai fuskar.

Ka duba kuma jimillar wat ɗin da NVR zai iya bayarwa. PoE na 802.3af yana fitar da wat 15.4 a kowace kafar da ake soka waya, 802.3at kuma 30. Kyamara ta gida da wuya ta wuce wat 10, sai mai juyawa.

Ummu Hanif:
Na karanta duka, ban ga wanda ya yi maganar intanet ba, kuma ita ta fi damuna. Kyamarar da aka sa don tsaro tana iya zama tagar da baƙo zai leƙa gidanka. A 2016 wata manhajar kutse mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da DVR da rauta, wato na'urar rarraba intanet, a duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, gwada kalmomin sirrin da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta kawai take yi. Da su aka kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu a intanet, hari a watan Oktoba na shekarar, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Masu na'urorin ba su ma san ana amfani da kayansu ba.

Don haka ranar farko ka sa doguwar kalmar sirri wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Ka kashe UPnP, saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa intanet, a rauta da NVR, kada ka buɗe wa na'urar ƙofa kai tsaye zuwa intanet. In kana son kallo daga wayar hannu, VPN na gida, wato killatacciyar hanyar shiga intanet ɗin gidanka daga nesa, ya fi aminci, in kuma manhajar kamfanin za ka bi, kunna tabbatarwa mai mataki biyu in akwai. Ka riƙa sabunta manhajar na'urar. Iyali kowa a buɗe masa nasa asusun na kallo kawai. Kyamara a cikin ɗakin kwana kuwa, ni ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Abu Sumayya:
Hajiya, wa zai damu da gidan talaka har ya yi masa kutse?

Ummu Hanif:
Ba mutum ne ke zaune yana zaɓen gida ba, Malam. Manhaja ce ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, duk wanda ya buɗe ta shiga. Ba ta san gidan wane ne ba.

Maman Iman:
Sai haƙƙin maƙwabta. Ta lungun nan da ta wajen mota, ka lura kada su leƙa tsakar gidan wani ko tagarsa. Kusan kowane NVR yana da wurin da za ka zana baƙin akwati a kan sashen hoto don kada a ɗauka, ka yi amfani da shi. Ka kira maƙwabcin ka nuna masa allon da idonsa, hankalinsa zai kwanta. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a wurare da dama ɗaukar murya ya fi ɗaukar hoto tsauri, don haka in kyamarar tana da makirufo, ka binciki dokar inda kake kafin ka kunna. Masu aiki a gidan ma a sanar da su.

Baban Khalil:
Na fasa mai megafiksel 8. Zan ɗauki NVR mai PoE mai kafa 8 ko da zan ƙara nan gaba, da turret masu megafiksel 4: lensi 4 a ƙofar shiga, 6 a lungu, 2.8 a wajen mota da ƙofar baya. Tambaya biyu suka rage. Ina zan ajiye NVR ɗin? Na yi niyyar sa shi ƙarƙashin talabijin a falo. Sannan ƙofar waje tana da ɗan nisa da ginin, ina tunanin in ɗaure wayar ta sama daga rufi zuwa ginshiƙin ƙofar.

Mai Kebul:
Kada ka sa shi a falo. Wanda ya shigo, in ya ga na'urar zai ɗauke ta da faifan, shi ke nan babu shaida. Nemi wuri a ɓoye mai shan iska, ba kabad da aka rufe ruf ba, don zafi yana cin faifai. In kana son kallo a talabijin, ja wayar HDMI zuwa can. Ka haɗa shi da UPS, wato na'urar batiri mai riƙe wuta in an ɗauke, tare da rauta, tunda wutar kyamarorin daga shi take fitowa, batiri ɗaya ya riƙe su duka. In kyamarar ƙofa tana karɓar katin microSD, sa mata, ta riƙe nata kwafin. Ka gyara agogo da kwanan wata, kuma ka gwada fitar da bidiyo ɗaya zuwa filashi ka buɗe a kwamfuta tun yanzu. In wata rana za ka haɗa kyamarar wani kamfani daban, ka duba duka biyun suna da ONVIF, wato ƙa'idar da ke sa na'urorin kamfanoni daban-daban su yi aiki tare.

Baba Mai Wayarin:
Ta sama a'a, ɗana. Wayar da ke rataye a fili tsakanin gini biyu tana kwasar ƙarfin tsawa ko da aradun bai faɗo a kanta ba, ta kai shi har cikin NVR ta ƙona kafar, wani lokaci na'urar duka. Iska ma tana wasa da ita har silin ya tsinke, ga shi kowa yana ganinta. Haƙa ƙasa ka binne bututu, ka zura wayar waje a ciki, ka bar igiyar ja a cikin bututun saboda gaba. Inda ya fito daga ƙasa ya hau ginshiƙi, ka sa bututun ƙarfe. Ka sa abin kare tsawa na Ethernet kafin wayar ta shiga NVR, kuma a haɗa shi da wayar ƙasa ta gidan, in ba a haɗa ba bai da amfani. Wannan haɗin na ƙasa kaɗai ka kira mai lantarki ya duba maka. Ka auna nisan ka faɗa mana tukuna, har da hawa da saukar bango, mu ga ko yana ƙasa da mita 100.